Allurar asibiti ce ta jawo wa Mma mantuwa?

Assalamu alaikum Anti. Daga Aboabo nake rubuto miki a nan Kumasi, don Allah ki sakaya sunana. Mahaifiyata shekararta 72. Sama da shekara talatin tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi, da shi ta rene mu mu biyar. Tun azumin bara waccan muka lura tana zuba gishiri sau biyu a tukunya, tana kuma rikita canji, muka ce gajiya ce. Wata huɗu da suka wuce ƙafarta ta hagu ta kumbura, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya. Ni na sa hannu aka kwantar da ita. Kwana shida ana yi mata allurar tsinka jini a fatar ciki, wadda ake kira hefarin, aka sallame mu da ƙwayoyin da take sha har yanzu. A dare na uku a asibiti ta rikice, tana kiran mahaifinmu da ya rasu. Tun da muka dawo ba ta koma daidai ba. Tana maimaita tambaya, tana manta raka'a nawa ta yi, ran nan ta fita kafin asuba sai a Asawase aka tsinto ta. Yayana da ke Jamus ya turo mini wani rubutu a WhatsApp, wai masana sun gano furotin ɗin da ke haddasa cutar mantuwa yana manne wa hefarin da nau'in sukarin da suka yi kama da shi. Shi ya ɗauka magani ne, ya ce zai turo kuɗi in sayo allurar a kemis. Ni kuma na ɗauka allurar ce ta jawo mata. Gwaggonmu ta ce jifa ne, maƙwabta kuma sun fara ƙus-ƙus saboda fitar dare. Anti, ni na cuci uwata? Na kasa barci.

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata.

Ba ki cuci mahaifiyarki ba. Na fara da wannan ne domin ki samu natsuwar karanta sauran. Gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙafa yakan ɓalle ya bi jini har ya maƙale a huhu, kuma yana iya kashe mutum cikin mintuna. Hannun da kika sa a takardar nan shi ya tare mata wannan hatsarin, da ikon Allah.

Yau kuma, kafin ki kwanta, ki kira yayanki ki gaya masa kada a sayi allurar nan, kada kowa ya yi wa Mma ita a gida. Tana kan ƙwayar tsinka jini. A ƙara mata allura a kai ba da sanin likita ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki, ke ce ba ki lura ba. Kin ce tun azumin bara waccan gishiri ya fara yawa a tukunya, canji ya fara rikicewa. Macen da ta yi shekara talatin tana lissafin kwano da sidi a ka, ba gajiya kaɗai ke sa ta rikita canji wata da watanni ba. Ciwon ya riga allurar shigowa gidan da fiye da shekara guda. Idan ma cutar Alzaima ce, wadda ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa a duniya, to dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yakan fara taruwa shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin alamar farko ta fito. Lokacin da abin ya soma, wataƙila ke kina makaranta.

Rubutun da yayanki ya turo ba ƙarya ba ne, shi ya sa zan tsaya a kansa sosai.

Akwai wani furotin da masana ke taƙaita sunansa da APP. Ni zan kira shi uwar amiloyid, domin daga jikinsa ake yanko amiloyid ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Kowa yana da shi, da ni da ke da jaririn da aka haifa jiya, kuma yana da aikin yi wajen girman jijiyoyin ƙwaƙwalwa da haɗuwarsu da juna. Ki ɗauke shi kamar dogon carbi mai ƙwaya 695 da aka soke a bangon ƙwayar halittar ƙwaƙwalwa, mafi yawansa yana waje, ɗan gajeren wutsiya yana ciki. Jiki yana da almakashi uku da ke yanka carbin nan, alfa da beta da gama. Idan alfa ya riga yanka, yakan datse ta tsakiyar inda amiloyid yake, sai ya zamana babu abin da zai taru. Idan kuwa beta ya fara, gama ya ƙarasa, sai wani ɗan guntu mai ƙwaya 40 ko 42 ya faɗo. Mai 42 ɗin ya fi danƙo. Ƙwaƙwalwa tana share waɗannan guntaye kullum, amma idan zubarwa ta fi shara yawa sai su dunƙule su yi tsibi a tsakanin jijiyoyi.

A ƙasar da yayanki yake zaune aka fara bayyana wannan cuta. Wani likita mai suna Alois Alzheimer, wanda cutar Alzaima ta samo sunanta daga gare shi, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata, Auguste Deter, wadda aka kai asibiti a Frankfurt tana da shekara 51 tana mantuwa da rikicewa, ya ba da bayanin abin da ya gani a 1906. Sai a 1984 aka gano ainihin furotin ɗin da ke cikin dattin, a 1987 kuma aka gano ƙwayar gadon uwar amiloyid a kan kuromosom na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin halittarmu. Wannan ne dalilin da masu lalurar Down, waɗanda ake haifa da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, suke yawan kamuwa da cutar tun suna tsakiyar shekarunsu.

To ina sukari ya shigo? Ba sukarin shayi ko na koko ake nufi ba, ba kuma na ciwon suga ba. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wasu dogayen sarƙoƙin sukari da ake kira hefaran salfet, sun tsaya a bayanta kamar ciyawa a bakin rafi. Sarƙoƙin nan suna ɗauke da cajin lantarki, don haka duk furotin ɗin da ke da kishiyar cajin sai ya maƙale musu, yadda ƙarangiya ke kama bakin zane. Uwar amiloyid tana da wurare biyu a ɓangarenta na waje, ana kiransu E1 da E2, inda sarƙar sukarin ke kwanciya. Sarƙa ɗaya tana iya kamo uwar amiloyid biyu ta haɗa su wuri guda, kuma masana suna bin diddigin yadda wannan haɗuwa ke shafar inda furotin ɗin zai tsaya da almakashin da zai same shi.

Hefarin ɗin asibiti ɗan uwan wannan sukari ne, sai dai ya fi shi caji nesa ba kusa ba. Saboda yawan cajinsa yana manne wa ɗaruruwan furotin, ba uwar amiloyid kaɗai ba. Ga abin da nake so ke da yayanki ku riƙe: masu bincike suna amfani da hefarin a ɗakin gwaji ne domin yana da arha kuma ana samunsa a sauƙaƙe, suna sa shi ya tsaya a madadin sukarin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta. Idan kika ga an rubuta cewa furotin ya manne wa hefarin, galibi a cikin kwalbar gwaji aka yi, kuma tambayar da suke neman amsarta ta shafi sukarin da ke cikin kan kowa tun haihuwa.

Mannewar kuma fuska biyu gare ta. A 1988 aka gano hefaran salfet a cikin tsibin amiloyid na ƙwaƙwalwar masu cutar, gwaje-gwaje kuma suka nuna yana taimaka wa guntayen su saƙu da juna, yana kare su daga shara. Wannan ce fuskar da ta tsorata ki. A 2003 kuma wasu masana a Ingila suka nuna cewa sukarin nan da hefarin suna iya riƙe almakashin beta su rage masa yanka. Wannan ce ta faranta wa yayanki rai. Bayan nan wasu suka nuna cewa hefarin ɗan kaɗan yana iya zaburar da almakashin nan tun bai gama ƙosawa ba. Abu ɗaya ne, amma yawansa da tsawon sarƙarsa da wurin da yake su ke yanke ko taimako zai yi ko ɓarna.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan fanni na wata mata ne a ƙasar Kolombiya. Danginta suna gadon wata ƙwayar halitta da ke jawo musu mantuwa tun suna shekara arba'in da 'yan kai. Ita ma ta gada, ƙwaƙwalwarta kuma cike take da amiloyid, amma hankalinta bai fara raguwa ba sai da ta haura saba'in. A 2019 aka wallafa cewa tana ɗauke da wani sauyi a wani furotin daban mai suna APOE, sauyin da ya sa ba ya kama irin wannan sukari da ƙarfi. Saboda irin wannan ne masana suka ƙi sakin hanyar. Amma sun taɓa bin ta har ƙarshe suka dawo hannu rabbana. An haɗa wani magani mai suna tramiprosate domin ya kwaikwayi sukarin ya hana amiloyid dunƙulewa, aka gwada shi a kan mutum sama da dubu a Amurka da Kanada, a 2007 sakamako ya fito bai nuna amfanin da ake nema ba. Har yau babu hukumar magunguna da ta amince da hefarin a matsayin maganin mantuwa. Masu binciken ma da kansu suna ƙoƙarin cire masa ƙarfin tsinka jini ne tukuna, domin sun san ba a ba tsoho shi wata da watanni haka kawai.

Allurar da aka yi wa Mma a jini take aikinta. Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, hefarin kuma ƙato ne mai caji, da ƙyar wani abu nasa ke tsallakawa, cikin kwana ɗaya ko biyu jiki ya gama fitar da shi. Kwana shida na irin wannan ba ya gina abin da ke ɗaukar shekara ashirin, ba ya kuma rushe shi. Hatsarinsa na gaskiya zubar jini ne. A tsofaffi da yawa amiloyid ba tsakanin jijiyoyin tunani kaɗai yake taruwa ba, har a bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ya sa su yi rauni. Wanda ke da wannan aka ƙara tsinka masa jini ba bisa ƙa'ida ba, jijiya tana iya fashewa a ka.

Kafin wani ya turo miki wannan ma ya ƙara miki damuwa: akasarin hefarin da ake amfani da shi a duniya daga hanjin alade ake tace shi. Malamai da dama sun yi rangwame a kan irin wannan magani idan ceton rai ne kuma babu madadi a hannu, halin da Mma ta shiga ke nan.

Abin da ya faru a dare na uku kuwa sananne ne ga duk wanda ya yi jinyar tsoho. A gida, sabo ne ke riƙe da ita. Hannunta ya san inda ludayi yake, ƙafarta ta san hanyar bayan gida, ba ta buƙatar tunani. Aka ɗauke ta aka kai ta ɗakin da fitila ba ta mutuwa, baƙin fuskoki suna shiga suna fita, ga ciwo, ga rashin barci. Ƙwaƙwalwar da dama ta fara rauni sai ta gigice farat ɗaya. Wasu suna warwarewa cikin kwanaki, wasu ba sa komawa inda suke. Asibitin ya yaye zanen da ya rufe ciwon ne.

Duk da haka ban yarda ku zauna a kan cewa tsufa ne ba. A wannan makon ki mayar da ita wurin likita. Ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, ki kuma rubuta a takarda yadda abin ya faro tun daga gishirin. Ki gaya masa tana kan maganin tsinka jini kuma ta fita ita kaɗai cikin duhu, ki roƙi a yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Idan ta faɗi ranar ba wanda ya gani, jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, alamarsa rikicewa ce, kuma ana iya cire shi. Idan kika ga barci ya yi mata yawa, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko baki ya karkace, ko ɓari ɗaya ya saki, kada ki jira gari ya waye. A gwada fitsari, da suga, da ƙoda, da sinadarin B12, da aikin tayirod ɗin maƙogwaro, domin ƙarancin waɗannan biyun na ƙarshe yana kwaikwayon gigin tsufa kuma yana jin magani. A auna hawan jini, don a cikin mutanenmu mantuwa da yawa daga ƙananan toshewar jijiyoyin jini take, ba daga amiloyid ba. A duba ji da gani. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a can. Idan an tura ku ɓangaren lafiyar tunani kada ki ji kunya, ba a ce uwarki ta haukace ba.

Ƙwayar tsinka jinin kada ki tsayar da ita da kanki, ki tambayi likita har yaushe za ta sha. Amma ki karɓe ta daga hannun Mma, ke ki riƙa ba ta, domin wadda ta zuba gishiri sau biyu za ta iya shan magani sau biyu. Kada a ba ta asfirin ko ibuprofen ko diclofenac don ciwon gwiwa sai likita ya ce, suna ƙara zubar jini. Idan an tabbatar Alzaima ce, akwai magunguna irin donepezil da memantine da ke ɗan sassauta alamu na wani lokaci, ba sa warkarwa. Yayanki zai ji labarin sababbi biyu da aka amince da su a Amurka, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024. Suna rage saurin cutar kaɗan ga waɗanda take farkonta, suna da tsada ƙwarai, kuma suna iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga mai shan maganin tsinka jini.

Maganar maƙwabta ta fi maganar allura tayar mini da hankali. A ƙasar nan ta Ghana muke a watan Yuli na 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba da duka a bainar jama'a bisa zargin maita. Har yau akwai tsofaffin mata da aka zarga da maita a sansanoni irin na Gambaga. Ƙus-ƙus da haka yake farawa, don haka ki riga su. Ki ɗauki babban namiji na gidanku ku je wurin limamin masallacinku da mai unguwa, ku gaya musu Mma ba ta da lafiya, likita yana duba ta, duk wanda ya gan ta a hanya ya riƙo hannunta ya kawo ta gida. Mutanen Zango sun ci abincinta shekara talatin, idan aka yi musu bayani za su zame mata ido. Gwaggo kuma kada ki yi gardama da ita, ƙanwar mahaifinku ce, tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Ki ba ta aikin addu'a da karatu a kusa da Mma, amma ki tsaya tsayin daka a kan cewa babu hayaƙi mai shaƙewa, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, babu kai ta wani wuri a ajiye. Ki karanta mata aya ta 70 a Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi rauni na rayuwa har ya kasa sanin abin da ya sani a da. Sallar da take rikitawa kuwa, ki shimfiɗa darduma kusa da tata ta riƙa bin ki. Abin da ya kuɓuce mata ba a binta bashinsa.

Kin tambayi kanki ina za ta je kafin asuba? Lokacin da ta saba tashi hura wuta ke nan. Jikinta bai manta ba. Ki sa ƙararrawa a ƙofa, ki ɗinka lambar wayarki a gefen mayafinta, ki ajiye sabon hotonta a waya. Da rana ki ba ta tsintar wake da wanke karan dafi, ta zauna kusa da tukunya tana ba da umarni, wuta da gishiri kuma su zama a hannunki. Wadda ta yini da aiki ta sha rana ta fi samun barcin dare.

Kuɗin da yayanki ya yi niyyar turowa ki karɓa, da godiya, domin nisa da rashin abin yi ne suka sa ya kama rubutun nan da hannu biyu. A biya hoton da gwaje-gwajen, a kuma samu wata ta riƙa kwana da Mma sau biyu ko uku a mako don ki runtsa. Ku biyar ta haifa, a raba kwanakin. Idan kina tsoron gado, irin da ke bin dangi kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yakan fara tun kafin shekara sittin. Ke dai ki riƙa auna hawan jininki da suga tun yanzu.

Kakata ta yi wannan ciwon ina budurwa. Duk yamma sai ta tambayi ko mijinta ya dawo daga kasuwa, mu kuma mu ce mata ai ya rasu tun tuni, ta fashe da kuka kamar ranar ta fara ji. Mun yi wata da watanni muna yi mata haka, muna ganin gaskiya muke faɗa mata. Idan Mma ta kira mahaifinku, ki zauna kusa da ita ki ce, “Mma, kina kewarsa ko? Ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidansa.” Za ta ba ki, don tsohon labari shi ne na ƙarshen gogewa. Ki kunna wayarki ki naɗi muryarta.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ki lada. Idan kun karɓo sakamakon hoton ki sake rubuto mini.